Lauyan kuɗi da karaya: ina ruwan manomi da shi?

Ƴan uwa manoma da makiyaya, a wannan wata za mu kai ku Yamai, gidan shari'a. Akwai wani ma'aikaci a can wanda yawancinmu ba mu taɓa zama da shi ba. Yana sa doguwar baƙar riga mai farin ƙyalle a wuya. Ana ce masa lauya, wasu kuma su ce aboka. In za a kira shi, sai a ce Metir. Lauyoyi iri-iri ne. Akwai mai kare wanda ake tuhuma da laifi. Akwai mai shari'ar gona ko ta gado. Wanda za mu yi magana a kansa shi ne lauyan kuɗi da karaya. Shi aikinsa yana tsakanin banki, da ɗan kasuwa, da masu bin bashi.

Wani zai ce: ina ruwana da shi? Ni ba ni da kamfani, ba ni da ajiya a banki. To, dakata tukuna. Ka taɓa ba ɗan kasuwa wake ko albasa, ya ce sai ya komo daga Kwatano ko Abijan zai biya? Ka taɓa ba mai fataucin shanu bijimi bashi? Ka taɓa dangwala yatsa a takarda don ka tsaya wa ƙanenka da zai ci bashi? Ƙungiyarku ta manoma tana da kuɗi a asusun ajiya da rance? In ɗaya daga cikin waɗannan ya same ka, to ranar da wancan mutum ko wancan asusu ya karye, kuɗinka sun shiga cikin aikin wannan lauya, ko ka san shi ko ba ka san shi ba.

Abin da dattawa suka gani

Karaya ba baƙuwa ba ce a ƙasar nan. Ba ƙaramin ɗan kasuwa kaɗai take kamawa ba. Dattawanmu sun ga manya sun faɗi.

A 1961 aka kafa bankin raya ƙasa mai suna BDRN. A 1962 aka kafa UNCC mai kula da ƙungiyoyin manoma, da SONARA mai sayen gujiya. A 1967 aka kafa CNCA, asusun ba manoma bashi. Duk wanda ya manyanta a karkara ya san waɗannan sunaye. Ta hanyarsu aka ɗauki galmar shanu, da amalanke, da takin zamani, a biya da kaka. Cikin shekarun 1970 ƙarfen uraniyom na Arlit ya yi kuɗi, bankuna suka saki hannu, aka ba da bashi mai yawa. Daga baya kuɗin uraniyom ya faɗi. Farin 1984 ya zo ya kashe bisashe, gonaki ba su ba da komai ba. Manomin da bai samu abin ci ba, da me zai biya bashin galma? Amma mu faɗi gaskiya: ba bashin talaka ne ya fi nauyi ba. Akwai manyan da suka ci bashi mai yawa ba su biya ba, ba kuwa fari ne ya hana su ba.

CNCA ta daina ba da bashi, aka rufe ta a ƙarshen shekarun 1980. SONARA ma ta bi baya. A 1990 BDRN kanta ta faɗi, ita da take babban banki a ƙasa. A wannan shekara aka kafa SONIBANK a gurbinta. Masu ajiya sun sha jira, ma'aikata da dama sun rasa aiki. Manoma kuwa suka daɗe ba su da bankin da ke dubansu.

Ba Nijar kaɗai abin ya sama ba. Bankuna sun faɗi a Benin, da Senegal, da sauran ƙasashe masu kuɗin sefa. Dokokin kasuwanci da ake aiki da su a lokacin tsofaffi ne, yawancinsu tun na zamanin Faransa. Shi ya sa ranar 17 ga Oktoba 1993 ƙasashe suka sa hannu a kan wata yarjejeniya a birnin Por-Luwi na tsibirin Moris. Suka kafa ƙungiya mai suna OHADA, don dokar kasuwanci ta zama ɗaya a tsakaninsu. Ƙasashe 17 ne a ciki, har da Nijar, da Benin, da Togo, da Burkina Faso, da Mali, da Cadi, da Kodebuwa. Babbar kotun ƙungiyar tana Abijan. A 1998 aka yi dokar karaya, aka gyara ta a 2015. Ita ce babban littafin da lauyan karaya ke buɗewa kullum.

Ƴan kasuwar Maraɗi da Ƙonni su lura da abu ɗaya. Najeriya ba ta cikin OHADA, haka Gana. Wanda ya ba da kaya bashi a Kano ko Sakkwato, dokar can ce za ta yi masa hukunci, lauyan can kuma zai nema.

Doguwar hanyar zama lauya

Ba a zama lauya da baki, ko da mutum ya iya zance kamar sanƙira. Hanyar doguwa ce. Yaro zai yi shekara 6 a ƙaramar makaranta, 4 a kwaleji, 3 a lise, ya samu takardar bakaloriya. Sannan ya shiga jami'a ya karanta doka shekara 5. Da yawa a jami'ar Abdu Mumuni ta Yamai suke karatu, can hayin kogi. Wasu suna zuwa Dakar, ko Abijan, ko Faransa. Bayan haka akwai jarrabawa ta musamman mai suna CAPA. Wanda ya ci sai ya yi rantsuwa gaban kotun ɗaukaka ƙara, ya sa baƙar riga. Ko a nan bai gama ba. Sai ya yi shekara 3 yana koyon aiki ƙarƙashin babban lauya, kamar yadda ɗan maƙeri ke zuga wuta kafin a ba shi masaba. Ku lissafa: shekara 21 ke nan, in bai maimaita aji ko ɗaya ba. Maraƙar da aka haifa ranar da aka sa shi makaranta ta riga ta ga jikokin jikokinta.

Wannan tsari ya fito daga wata doka ta 2014 ta ƙungiyar UEMOA, wato ƙasashe 8 masu kuɗin sefa a yammacin Afirka. Dokar ta ba lauyan Yamai damar tsayawa gaban kotu a Kwatano, ko Wagadugu, ko Bamako.

Lauya ba ma'aikacin gwamnati ba ne. Ba ya ɗaukar albashi. Wanda ya ɗauke shi aiki shi ke biyansa. Amma ba sakaka yake ba. Lauyoyi suna da ƙungiya, suna da shugaba da suke zaɓa, ana ce masa batoniye. In lauya ya ci amanar wanda yake wa aiki, wurin batoniye ake kai kuka, ana kuma iya hana shi aiki. Doka ta hana shi fallasa asirin da aka gaya masa. Ta kuma hana shi tsaya wa mai bin bashi da wanda ake bi a shari'a guda.

Wanda ya zaɓi fannin kuɗi, karatun doka kaɗai ba ya isarsa. Sai ya koyi karanta littafin lissafin kamfani: abin da ya shigo, abin da ya fita, abin da ake binsa, abin da yake bi. Sai ya san ƙa'idojin babban banki BCEAO. Yawancin ranarsa a ofis take ƙarewa, tsakanin takardu. Tsayuwa gaban alƙali kaɗan ce cikin aikin. Tun 2016 Yamai take da kotu ta musamman ta kasuwanci, inda alƙalai suke zama tare da wasu ƴan kasuwa da suka san harka. Nan ce kasuwarsa.

Aikinsa tun kafin a ba da bashi

Rabin aikin wannan lauya ana yin shi tun ana zaman lafiya. Banki zai ba ɗan kasuwa miliyoyi ya sayi kamiyo ko ya gina mangaza. Lauya ne zai rubuta yarjejeniyar: nawa aka ba da, yaushe za a biya, nawa ne kuɗin ruwa, me aka jinginar. Zai bincika ko gidan da za a jinginar na mai cin bashin ne da gaske, ko kuwa gidan gado ne da magada goma. Zai duba ko an riga an jinginar da shi a wani banki. Sannan a rubuta jinginar a littafin hukuma. Jinginar da ba a rubuta ba, ranar rabo ba ta da ƙarfi.

Kuɗin ruwa ma yana da iyaka. A 2014 aka fara aiki da ƙa'idar da ƙasashen sefa suka tsayar cewa banki ba ya wuce 15 cikin 100 a shekara, asusun ajiya da rance kuma ba ya wuce 24 cikin 100. Ku gwada wannan da mai ba da buhu ɗaya da bazara ya karɓi biyu da kaka.

Wasu cikinku sun san bashin jinginar amfanin gona, wanda ya fara yaɗuwa a ƙasar nan a ƙarshen shekarun 1990. Da kaka ƙungiya ta zuba hatsi ko wake a mangaza. A sa kwaɗo biyu, mabuɗi ɗaya wurin ƙungiya, ɗaya wurin mai ba da bashi. A karɓi kuɗi a yi sana'ar rani, in kaya sun yi tsada a sayar a biya. Wannan ita ce jinginar da lauyan banki ke rubutawa a Yamai, sai dai tasa ta fi yawan sifiri.

Yanzu ga inda muke so ku buɗe kunne sosai, wato maganar lamuni. Mutum zai ci bashi, aka ce ya kawo wanda zai tsaya masa. Ya zo wurinka, ɗan uwanka ne, kunya ta hana ka ƙi. Da yawa suna zaton shaida kawai suka yi. Ba shaida ba ce. Mai lamuni ya ɗauki alkawarin biya ne in mai bashi ya kasa. Ana iya binsa dukan abin da ya tsaya a kai, kamar shi ya ci kuɗin.

Saboda nauyin abin, dokar OHADA ta sa sharaɗi. Dole mai lamuni ya rubuta da hannunsa iyakar kuɗin da ya tsaya a kai, da lamba da kuma kalmomi. In bai iya rubutu ba, dole a kawo shaidu biyu. Su za su tabbatar shi ne, yana wurin, an kuma bayyana masa abin da ya ɗauka da abin da zai biyo baya. In ba a cika wannan sharaɗi ba, lauya yana da abin da zai kama gaban alƙali don ya kuɓutar da shi. Ku da kuka shiga yaƙi da jahilci, ga amfanin karatunku. Lambar da ke jikin takarda iri ɗaya ce ko da Faransanci aka rubuta. Ku ƙirga sifirin da kanku. Jikka 50 tana da sifiri 4 bayan biyar, jikka 500 tana da 5.

Idan biya ya gagara

A ƙauye in an ce wane ya karye, ana nufin ba shi da komai. A wurin doka ba haka ba ne. Mutum yana iya mallakar gidaje da motoci, amma in bashin da lokacinsa ya yi ya fi abin da yake iya fitarwa yanzu, ba kuma mai ƙara masa lokaci, to ya tsaya da biya. Daga ranar nan doka ta ba shi kwana 30 ya je kotu da ƙafarsa ya faɗa. Kaɗan ne ke zuwa cikin lokaci. Kunya ce ke hana su. Sai mutum ya ci bashi nan ya toshe can, yana jiran wata ciniki da za ta fid da shi, har ramin ya fi ƙarfinsa. Lauya nagari aikinsa na farko shi ne ya gaya wa mai gidansa gaskiyar da yaransa ba sa iya gaya masa.

Doka ta buɗe hanyoyi 4. Biyu na wanda bai kai ga tsayawa da biya ba, biyu na wanda ya riga ya tsaya.

Ta farko sulhu ce. Alƙali ya naɗa mai shiga tsakani, a zauna da manyan masu bin bashi cikin sirri, a roƙi ƙarin lokaci. Ta biyu ita ce rigakafi. A nan kotu tana hana masu bin bashi kama kayan mutum har wata 3, ana iya ƙara wata 1, don ya samu numfashi ya kawo tsarin biya.

Ta uku ita ce farfaɗowa. An tsaya da biya, amma alƙali ya ga sana'ar tana da sauran rai. Sai ya naɗa wani wakili da ake kira sandik, galibi gwanin lissafi ne, ya riƙa sa ido a kan kowane shige da fice. Masu bin bashi su taru su duba tayin da aka yi musu: wani ya yafe kashi, wani ya jira shekaru. In sun yarda, kotu ta amince, aiki ya ci gaba, ma'aikata ba su rasa abincinsu ba. Makiyayi ya san wannan hikima. Saniyar da ta rame da rani, in an yanka ta nama kaɗan za a samu, in an yi haƙuri ta kai damana za a sha nono.

Ta huɗu ita ce rushewa. Wannan ta saniyar da ba za ta tashi ba ce. A karɓe dukiyar daga hannun mai ita, sandik ya sayar, a raba kuɗin. Haka aka yi wa kamfanin jiragen sama na Air Afrique a 2002, wanda Nijar tana cikin ƙasashen da suka kafa shi.

Da can wannan doka ta ƴan kasuwa da kamfanoni ce. Gyaran 2015 ya shigo da masu sana'ar hannu da masu sana'ar noma. Ƙungiyar manoma mai rajista ma tana ciki. An kuma yi gajeriyar hanya don ƙananan masu sana'a, wato waɗanda ma'aikatansu ba su wuce 20 ba, cinikinsu na shekara kuma bai wuce miliyan 50 ba.

Lauya ba shi ne alƙali ba, ba shi ne sandik ba. Shi gefe ɗaya yake tsaya wa. Yau yana iya zama lauyan banki, gobe a wata shari'a ya zama na ma'aikatan da ba a biya ba. In yana gefen masu bin bashi, babban aikinsa bin sawu ne. Mutumin da ya ga karaya tafe yakan mai da gida sunan matarsa, ko ya sayar wa ƙanensa mota a kuɗin akuya, ko ya biya abokinsa tun lokacin bashin bai yi ba. Alƙali yana da ikon komawa baya har wata 18 ya tsai da ranar da mutumin ya tsaya da biya. Irin waɗannan dabaru da aka yi bayan ranar nan ba su ɗaure masu bin bashi ba, ana komo da dukiyar cikin rabo. Wanda aka kama da ɓoye dukiya ko lissafin ƙarya, ana iya hana shi riƙe kamfani shekaru, ana kuma iya kai shi kaso.

Yadda ake rabo

Kun san rabon gado. Ba a fara ba magada sai an fid da kuɗin likkafani da bashi. Rabon karaya ma yana da layi, kowa da wurin tsayuwarsa. Malamanmu sun san wannan babi tun da daɗewa. A littattafan fiƙihu ana ce wa wanda bashi ya cinye dukiyarsa muflisi, an kuma faɗi yadda alƙali ke raba abin da ya rage.

Bari mu yi misali, ba labarin wani ba ne. A ce wani kamfani a Yamai yana sayen wake. Ya karye. An sayar da mangazarsa da motocinsa da sauran kaya, an samu miliyan 30. Aka fid da miliyan 2 kuɗin shari'a da na sayarwa. Aka fid da miliyan 4 albashin ma'aikata. Banki yana da jinginar mangaza a rubuce, ya ɗauki miliyan 14 daga kuɗinta. Haraji ya ɗauki miliyan 2. Saura nawa? Miliyan 8.

A ƙarshen layi akwai waɗanda ba su riƙe jinginar komai ba: manoman da suka ba da wake, masu kamiyon da suka yi dako, mai sayar da buhu. A ce duka suna bin miliyan 40. Miliyan 8 za a raba musu, kowa daidai nauyin bashinsa. Wato kashi 1 cikin 5. Mai bin jikka 500 zai samu jikka 100. Mai bin jikka 50 zai samu jikka 10. Sauran sun tafi.

Abin da ciwo. Wanda ya yi noma, ya yi roro, ya yi sussuka, shi ne a ƙarshen layi, banki yana gaba. A ganinmu nan doka ta fi tausayin mai takarda a kan mai gumi. Amma a duba ɗaya gefen. In babu layi, mai ƙarfi da mai dangi a bariki su za su kwashe komai tun daren farko, manomin Mayahi ko na Madawa kafin labari ya kai masa ko tsintsiya ba ta rage ba. Da hanau gara mannau.

Akwai wata ƙofa kuma. In kayanka ajiya ka ba da, ko ka ba shi ya sayar maka, ba sayar masa ka yi ba, kuma kayan suna nan ana iya gane su, kana da ikon neman a mai do maka abinka. Sai dai ka kawo shaida, ka kuma nema cikin wa'adi. Buhun da aka rubuta sunan ƙungiya a jikinsa ya fi wanda ba a rubuta ba sauƙin ganewa.

Banki da asusun ajiya suna da nasu tsari daban. Bayan abin da ya faru a shekarun 1980, an kafa hukumar sa ido a kan bankuna a 1990, mazauninta Abijan. A 2014 kuma aka kafa asusun lamunin ajiya. An tsai da cewa in banki ya faɗi, za a mai da wa mai ajiya abin da ya ajiye har zuwa jikka 1.400, in asusun ajiya da rance ne har zuwa jikka 300. Wannan ya shafi gidajen kuɗi masu izinin hukuma da ke cikin tsarin. Bai shafi adashe ba. Bai shafi mutumin da ya zo da mota da lasifika yana cewa a kawo jikka 10 a karɓi 20 bayan wata ba.

Kwana 60

Ko wannan kashi 1 cikin 5 ba ya zuwa da kansa. Idan kotu ta buɗe shari'ar karaya, ana buga sanarwa sau biyu a jaridar da ke ɗaukar sanarwar kotu, irin su Le Sahel. Daga sanarwa ta biyu, mai bin bashi da ke cikin ƙasa yana da kwana 60 ya kai wa sandik takarda: ni wane, ina bin kaza, ga shaidata. Wanda ke wata ƙasa yana da kwana 90. Wanda ya bari wa'adi ya wuce, an rufe masa ƙofa, sai in ya shawo kan alƙali cewa ba sakacinsa ba ne.

Lauyan banki ba ya makara, don kullum da safe yana duba jarida. Manomi fa? Jaridar da Faransanci take, ba ta kuma zuwa kasuwar ƙauye. Zai fi kyau a riƙa karanta irin wannan sanarwa a gidajen rediyon karkara da harsunanmu. Kafin a kai ga haka, in kuka ji ƙishin-ƙishin cewa wanda kuke bi ya rufe shago a birni, kada ku ce sai bayan girbi. Ku aiki mutum ya je ofishin magatakardan kotu ya tambaya ko an buɗe shari'a, wane ne sandik, yaushe wa'adi zai cika.

Shaida kuwa tun ranar ciniki ake tanadinta. Ba sai doguwar takarda ba. Kwanan wata, sunan mai saye, buhu nawa ko bisa nawa, kuɗi nawa, ranar biya, sa hannunsa da na shaidu biyu. Da Hausa ma ana iya rubutawa, da boko ko da ajami, in buƙata ta taso a fassara. Wasu ƴan kasuwa za su ɓata rai su ce ba ka yarda da su ba. Ka ce masa ba don shi ba ne, don magadanku ne, tunda rai ba a hannun kowa yake ba.

In kai ake bi

Wata rana kai ne mai bashin. Bashi shi kaɗai ba laifin kaso ba ne. Abin da ke kai mutum kaso zamba ce ko cin amana. Mai bin ka yana iya kai ka gaban mai gari ko sarki a yi sulhu, wannan ita ce hanya mafi sauƙi da arha. In ya bi ta kotu, yana iya samo umarnin biya daga alƙali ba tare da an kira ka ba. Wani ma'aikaci da ake kira wisiye, mai kai takardun kotu, shi zai kawo maka. Kada ka jefa takardar cikin rufin ɗaki. In ba ka yarda da bashin ba, ko an ƙara lissafi, kana da kwana 10 ka kai ƙin yardarka kotu. Da kwana 15 ne, gyaran da aka yi wa dokar a 2023 ya rage shi. In ka yi shiru, umarnin ya zama hukunci.

Ko an kai ga kama kaya, akwai ƙa'ida. Sai an ba ka gargaɗin kwana 8 tukuna. Bayan an rubuta kayan, kana da wata 1 ka nemi mai saye da kanka kafin a yi gwanjo. Akwai kayan da ba a taɓawa, waɗanda mutum da iyalinsa ba sa iya rayuwa ko aiki sai da su. Amfanin gona da ke tsaye ba a kama shi sai ya rage mako 6 ko ƙasa da haka ya nuna. Gyaran 2023 ya kuma kawo ƙa'idoji na musamman a kan kama bisashe, don garke ba kujera ba ne da za a kulle a ɗaki, yana buƙatar ci da sha. Duk inda aka tsallake ɗaya daga cikin waɗannan, lauya yana iya neman alƙali ya warware kamun.

Ina ake samunsa, nawa ake biya?

Galibin lauyoyin ƙasar nan a Yamai suke zaune, kaɗan ne a sauran jihohi. Kuɗin aikinsu ba shi da farashi guda kamar na awo. Ana daidaitawa ne tun farko, ya kuma kamata a rubuta. Mutum ɗaya mai bin jikka 100 ba zai iya ɗaukar lauya ba, kuɗin mota da na aiki za su cinye bashin. Amma mutum 40 da suka ba ɗan kasuwa guda kaya suna iya haɗa kai su ɗauki lauya ɗaya, ko su bi ta ƙungiyarsu.

Wanda ba shi da hali, akwai hukumar agajin shari'a mai suna ANAJJ, wadda dokar 2011 ta kafa. Tana da ofisoshi a manyan kotunan jihohi. Ana yi wa mutum bayanin doka kyauta, ana kuma duba ko ya cancanci a ba shi mai tsaya masa.

Wanda zai je, ya tafi da katinsa na shaida, da kowace takarda ko resi da ta shafi cinikin, ko da ta yage. Ya tafi da sunayen shaidu da garuruwansu. In an taɓa biyansa wani kashi ta waya ko ta kamfanin aika kuɗi, kada ya goge saƙon, don shi ma yana nuna akwai ciniki tsakaninsu. In kuwa wisiye ne ya kawo masa takarda, ya rubuta ranar da ya karɓe ta a bayanta, don daga ranar ake fara ƙirga wa'adi.